Amsa ga 'yar'uwar da ta ce ƙin ramuwa koyarwar masu gata ce

Salama gare ki 'yar'uwa. Kin tambaya ko koyarwar ƙin ɗaukar makami ba ta masu gata ba ce, tunda Baturen da ke wa'azinta yana da jirgin da zai kwashe shi in wuta ta tashi. Tambayar ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni ɗan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ke koyar da ƙin ramuwa, kuma ina yankin Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram suka shiga Kwarhi, hedikwatar ekklesiyarmu.

Kwana uku muka yi muna bin duwatsu zuwa iyakar Kamaru. A cikinmu akwai saurayin da ya naɗo bindigar farautar mahaifinsa a tabarma. An kashe masa wa kwana biyu kafin nan. Da dare ya ce zai koma. Wani dattijon majami'armu, wanda shi ma bai san inda 'yarsa take ba, bai buɗe masa aya ko ɗaya ba. Tabarmar ya karɓa ya yi matashi da ita, ya ce in yana so ya ɗauka sai ya fara tashinsa daga barci. Gaskiya a daren zuciyata tana tare da yaron. Amma dattijon nan ba shi da fasfo, ko takalmi babu a ƙafarsa, kuma shi ya riƙe maganar Yesu ta ƙaunar maƙiyi. Tun da ekklesiyarmu ta fara sujada ƙarƙashin tsamiya a garin Garkida a 1923 ake koya mana ita, kuma yawancin 'yan matan Chibok da aka sace 'ya'yanmu ne. Ba aro muka yi ba, da jini muka biya.

Sai dai a kan gatan, kina da gaskiya. Akwai ƙungiyar Christian Peacemaker Teams da ikilisiyoyin salama irin namu suka kafa a Amurka, bayan malamin tauhidi Ron Sider ya ƙalubalanci taron ikilisiyar Menonayit a Faransa a 1984 cewa masu ƙin yaƙi su shirya mutuwa kamar yadda soja ke shiryawa. 'Yan ƙungiyar sun zauna a birnin Hebron na Falasɗinu tun 1995, suna raka yaran Falasɗinawa makaranta. A Nuwamban 2005 aka sace mutum huɗu nasu a Bagadaza. An kashe Tom Fox, Ba'amurke, aka ceto sauran ukun a Maris 2006. Ba na raina jininsa ko kaɗan. Amma duniya ta san sunayen mutum huɗun nan, alhali 'yan Iraƙi nawa aka sace a watannin ba wanda ya ji labarinsu? Su kansu 'yan ƙungiyar sun gane haka. Suka rage maganar shiga tsakani kamar su ne masu ceto, suka koma bin jagorancin mutanen gari, har a 2022 suka sauya kalmar Christian (Kirista) a sunansu zuwa Community, wato al'umma.

Na ga irin wannan da idona. Bayan mun dawo na raka wata baƙuwa Baturiya kai kayan agaji wani ƙauye. A shingen sojoji aka gaishe ta da fara'a, mu kuma aka sauke mu, hannu sama. Ta fito ta tsaya cikin rana tare da mu har aka gama. Daga baya ta ce ta san farar fatarta ce ta sa ba a taɓa mu ba, kuma abin ya ba ta kunya. Na girmama ta don ba ta yi kamar ba ta gani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne da muka isa ƙauyen. Ni ne mai Turanci, ni ne mai albashi da ɗakin haya a Jos, ni aka ba makirufo in yi magana kan yafiya. Da yamma zan shiga mota in tafi. Wata gwauruwa 'yar zumuntar mata ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ka yi magana mai daɗi, amma gonata tana maƙwabtaka da ta wanda ya nuna wa Boko Haram gidanmu, kuma gobe zan je shuka." Tun ranar, in an gayyace ni taron sulhu, sai na tambayi wa zai kwana a garin bayan mun tafi, in roƙa a fara ba shi magana. Matar ta je shukar, kuma da kaka ta aiko mini da mudun wake biyu.