Zan saki gida in shiga yawon duniya: yaya zan yi da tarin kayana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Aikina ta intanet nake yi, kuma na yanke shawarar sakin gidan haya in riƙa zama ƙasa-ƙasa na shekara ɗaya ko biyu. Saura wata uku in tashi, ga gida cike da kujeru, gado, firji, littattafai, tufafi da mota, har da wasu kayan mahaifina marigayi. Duk abin da na ɗaga sai in ji ba zan iya rabuwa da shi ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, kai kuma ya kai ka lafiya.

Ka fara da jakar da za ka ɗauka, domin ita ce za ta yanke hukunci. Yawancin kamfanonin jiragen sama kilo 23 suke yarda da shi a kowace jakar da ake aunawa a ƙaramin aji, jakar hannu kuwa da yawansu kilo 7 ne. Masu tikiti mai rahusa ma sai ka biya kuɗin jakar daban, a kowane hawa. Saboda haka ka sayi jakar tun yanzu, ka zuba abin da kake ganin za ka tafi da shi, ka auna, sannan ka yi sati biyu a gidanka ba ka taɓa komai sai abin da ke cikinta. Abin da ka rasa har ya dame ka, ka ƙara shi. Wanda ba ka ko tuna da shi ba, ya riga ya ba ka amsa. Tufafin sati ɗaya sun isa, ana wanki a ko'ina.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wurin ajiya. Mutum ya kasa sayar da kujera sai ya kama ɗaki yana biya duk wata, ya dawo bayan shekara biyu ya tarar kuɗin hayar ya fi darajar kayan, katifa ta yi fumfuna, gara ta shiga katako. Lissafin ba wuya: kuɗin ajiya na wata sau 24, ka gwada da abin da za ka kashe in ka sayi irinsu idan ka dawo. Kujeru, gado da firji kusan kullum faɗuwa suke yi a wannan awo. Ka sa su a kasuwa tun wannan satin, don mai sayarwa ana gobe tafiya yadda aka taya haka yake sallamawa. Gadon da firjin kaɗai za ka yi sharaɗi da mai saye ya ɗauka a satin ƙarshe.

Mota ma ni dai sayarwa nake ba da shawara. Motar da ke tsaye batirinta mutuwa yake yi, tayoyi su lalace ta gefen da suka zauna, mai ya tsufa a tanki, darajarta kuma tana ta sauka.

Jin nan na ba za ka iya rabuwa da su ba, yawancinsa sabo ne kawai, kuma ka san an ce sabo turken wawa (ba da kai nake ba, kowa na da nasa turken). Amma kayan mahaifinka daban suke. Idan ba a raba gado ba, ba naka ba ne kai kaɗai, ba ka da ikon sayarwa ko kyautarwa sai da sanin sauran magada. Idan rabonka ne, ka zaɓi biyu ko uku da suka fi tuna maka da shi ka adana, sauran ka miƙa wa 'yan'uwan da za su yi amfani da su. Akwati ɗaya ya wadatar, har da littattafan da ba a samun irinsu. Wanda za ka ba amanar akwatin, ku rubuta abin da ke ciki, kowa ya riƙe kwafi, ka kuma faɗa masa yadda zai yi da shi in ka wuce lokacin da ka ɗiba. Zumunci da yawa ya ɓaci a kan ajiyar da ba a rubuta ba.

Takardu kuwa ba a rage su. Shaidar haihuwa, ta karatu da ta fili, ka ɗauki hotonsu ka ajiye a wuri biyu, na asalin su shiga akwatin. Ka duba fasfo yau: ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai kai wata 6 kafin ya ƙare ba. Katin rigakafin cutar shawara kada ka yar da shi don ya tsufa, tun 2016 ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi na har abada. Layin wayar da banki ke turo maka lambar sirri ma ka tafi da shi, ka tabbatar yana aiki a waje.

Tsohuwar waya ko kwamfutar da za ka sayar, ka fita daga asusunka ka goge komai kafin ta bar hannunka. Batirin ajiyar caji kuma a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda ya shiga wadda ake aunawa ba.