Ga ɗan uwan da kabu-kabu ya loɓa wa bamba

Ɗan uwa, jaje, Allah ya kiyaye gaba. Ka ce ɗan kabu-kabu ya buge maka Corolla ta baya a shataletalen Dandima, bamba ta loɓa, fenda ta karce, kana tambaya ko ka gyara da kanka ko ka kai wa fanel bita. Wallahi da na karanta sai da raina ya sosu, irin wannan ce ta same ni bara.

Sa farce a kan karcewar tukuna. In ya wuce bai maƙale ba, saman fenti ne, folish da tsumma mai laushi sun isa. In kuwa kana hango ƙarfe, kada ka bar shi damina ta riske shi, tsatsa ce za ta ci wurin. Bamba roba ce, ka kwara mata ruwan zafi ka sa hannu ta ciki ka turo, sau da yawa takan koma. Wannan ba sai ka biya kowa ba.

Ƙarfe ne ba na ba ka shawarar ka taɓa. Amma ka san wanda za ka kai wa! Ni ƙofar baya ce ta lotsa. Fanel bitan da na kai wa ya rantse mini jibi zan ɗauka, ya karɓi kuɗinsa cif. Motar ta yi ta kwana ƙarƙashin dogon yaro, in na je a ce ya tafi jana'iza, in na kira waya a kashe, ga 'yan makaranta ina ta biya musu kuɗin keke. Ashe ko guduma bai ɗora ba, fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawa da shi, kawai ya lafta ya cike ramin, ya fesa fenti a fili cikin ƙurar hunturu. Na shafa hannu na ji kaushi kamar bangon da ba a yi wa yaɓe ba, kalar ma ta fi sauran jikin duhu. Da zafin Afrilu ya zo, filar ta tsage ta fara ɓarewa. Na koma, ya dube ni ido cikin ido ya ce rana ce ta yi yawa. Rana! A Sakkwato zai gaya mini akwai rana? Ko mai bai bar mini ba a tanki, yaransa sun yi ta yawo da ita. Na bar shi da Allah, amma har yau ban daina jin ciwon ba.

Don haka ka ba da rabi, sauran sai ka gani da idonka. Ka tsaya a buge lotsawar kafin a sa fila, kuma ka tafi da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa fila ce ta yi kauri. Lambar fenti tana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, ka nuna wa mai haɗa kala, kada a haɗa maka da ido.

Inshorar nan ta dubu 15 kuwa, ba taka take gyarawa ba, ta wanda ka buge ce. Shi kuma yaron, in babur ɗin na haya ne, ka sassauta masa, wani abin da zai kai gida ma bai samu ba.

But ɗin motar yana rufuwa daidai? In yana gardama, dukan ya wuce roba. Turo hoton wurin mu gani.