Kun Tambaya: Bidiyon da ke cewa ba a kallonsa a ƙasarku

Wata Hajiya daga Runjin Sambo: Ɗana ya tafi karatu Alƙahira, wannan ne azuminsa na farko ba gida ba. Hankalina ya tashi ko zai riƙa samun tafsirin da ya saba ji. In aika masa da wata na'ura ne?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, Allah ya ba shi abin da ya je nema, ya dawo miki da shi lafiya. Kada ki sayi komai. Tafsirin da malamanmu ke sakawa a Facebook da YouTube a buɗe yake, yadda ake ganinsa a Mabera haka ake ganinsa a Masar, domin masu ɗorawa so suke ya kai ko'ina. Abin da zai kiyaye lokaci ne kawai. Masar tana gabanmu da awa ɗaya, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuma da awa biyu. Tunda muryar malam yake bukata, ya sauke ingancin hoton zuwa 360p don datarsa ta yi auki.

Wani ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo: Akwai shirin tarihi a BBC iPlayer da nake so don bincikena, amma ya ƙi buɗewa. Ai da kuɗin jama'a aka yi shi, me ya hana kowa ya gani?

Da kuɗin jama'a ne, amma jama'ar Birtaniya. Kowane gida da ke kallon talabijin kai tsaye ko iPlayer a can yana biyan lasisi da ya haura fam 170 a shekara, shi ya sa aka keɓe manhajar ga mazauna ƙasar. Dalili na biyu ya fi nauyi. Haƙƙin nuna fim ƙasa-ƙasa ake sayar da shi. Sau da yawa tashar ta haɗa kuɗi ne da wani kamfani, ko ta sayi kiɗa da tsofaffin hotuna da izinin nunawa a ƙasarta kaɗai, sai a sayar wa wani dabam haƙƙin Afirka. In ta buɗe maka ta karya yarjejeniya. Haka tashoshin Jamus ARD da ZDF suke: labarai sukan buɗe daga waje, fina-finai da yawa da wasanni ba sa buɗewa.

Sai ka rarrabe tashar da aka kafa don 'yan gida da wadda aka kafa don mutanen waje. Sashen Hausa na BBC, da ya fara aiki a 1957, domin mu aka yi shi, haka DW da RFI, kuma shirye-shiryen DW masu tsawo suna YouTube kyauta. Hukumar fina-finai ta Kanada, NFB, ta zuba fina-finai masu ɗimbin yawa a shafinta, da dama suna buɗewa daga nan. Ka rubuta sunan shirin naka a YouTube ka duba ko tashar ko kamfanin da ya shirya shi ya ɗora da kansa. Batun VPN, manhajar da ke sa a ga kamar daga wata ƙasa kake hawa intanet, wanda kowa ya koya lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ban ba ka shawara ba. Ya saɓa wa sharuɗɗan iPlayer, kuma suna gane lambobin VPN suna toshewa, sai ka biya kuɗin wata guda a banza. Na kyauta ya fi muni, duk abin da ka yi a waya ta hannun wanda ba ka sani ba yake bi.

Wani daga Arkilla: In na sayi waya 'yar Landan, za ta buɗe tashoshin Ingila?

A'a. Shafin ba ya tambayar inda aka sayi waya, lambar da kamfanin sadarwarka ya ba ka idan ka hau intanet yake dubawa, ita ce ke cewa kana Nijeriya. Sauya harshe ko agogon waya ma ba ya komai. Ka riƙe kuɗinka.

Wani ɗan kasuwa a Illela: Ina yawan tsallakawa Ƙonni. Netflix ɗina zai yi aiki a can?

Zai yi, sai dai jerin fina-finan yakan sauya da ƙasar da kake ciki. Abin tsoro shi ne kallo da layin Nijeriya a kan sadarwar Nijar, kuɗin ya ninka na gida nesa. Ka sauke abin da kake so tun kana wannan ɓangaren, ko ka sa layin can. Awa ɗaya a inganci mai kyau tana iya cin gigabait 3, matsakaici ƙasa da 1.

Wani magidanci daga Gidan Dare: An yi min tallar wani akwatin talabijin, wai in na biya sau ɗaya zan ga duk tashoshin duniya da ƙwallon Turai har abada. In saya?

Malam, kada ka saya, kuma ka gaya wa maƙwabtanka. Ka yi lissafi da kanka. Kamfanoni na biyan maƙudan daloli don haƙƙin nuna ƙwallon Ingila, ta yaya akwatin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba zai ba ka shi har abada? Sata ce ake watsowa daga wata kwamfuta a wata ƙasa. Ranar da aka rufe ta, akwatin ya zama abin danne takarda, mai shago kuma ya ce kaya sun bar hannunsa. Kafin ranar ma hoton tsayawa yake daidai lokacin babban wasa, saboda dubban mutane sun taru a kan hanya ɗaya. Kuma ba a faɗa maka cewa data yake sha ba. Wasa ɗaya kusan awa biyu ne, ka lissafa wasa nawa ake yi a mako, ga shi tun 2025 aka ƙara kuɗin data.

Abin da ya fi ɓata rai, ana rubuta ƙarya a jikin kwalin. A ce ma'ajiyar gigabait 64 ko hoto 8K, a ciki kuwa tsohon inji ne da ke zafi ya mutu, balle a zafin Sakkwato na watan Afrilu. Sannan a Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan wata muguwar manhaja mai suna BADBOX 2.0 da ake samu a cikin irin waɗannan akwatuna tun kafin a sayar. Masu ita suna haya da intanet ɗin gidanka ga 'yan damfara, ka sayi data wasu su yi ɓarna da ita da lambar intanet ɗinka. Kuma kan sadarwar nan ɗaya wayarka mai manhajar banki take.

In dole sai ka sayi akwati, ka nemi na kamfani sananne, a kunna shi a gabanka a shago. Ka shiga Play Store, ka je saituna, ka duba ko ya nuna Play Protect, wato tsarin kariya na Google, ya tantance na'urar. In ya ce ba a tantance ba, ko mai shago ya ce sai an kashe wannan kariya kafin tashoshi su fito, ka ajiye masa kayansa. Wanda ya riga ya saya kuwa ya cire shi daga intanet ɗin gida yau, ya sauya kalmar sirrin sadarwar da ta duk wani asusu da ya taɓa shiga ta cikinsa.