Tambayi Makanike: Marsandi wagon mai shan gas, in saya ko in haƙura?

Salamu alaikum oga. Ina zaune a Zariya, akwai wani dila da ya nuna min Mercedes E220 CDI wagon 'yar 2012, tokumbo ce, ya ce daga Jamus ta zo, kilomita dubu 190 a dashbod. Iyalina da ɗan yawa kuma kusan duk sati biyu sai na je Abuja, sauran lokaci daga gida zuwa ofis ne kawai. Motar ta kwanta min wallahi amma abokaina sai tsorata ni suke wai gas take sha ba fetur ba. Me za ka ce?
Mai karatu daga Zariya

Wa alaikumussalam Malam. Wannan da ka gani ita ce W212, wadda Marsandi suka yi daga 2009 zuwa 2016, kuma wagon ɗinta kam ba a cewa komai wajen ɗaukar kaya, but ɗin lita 695 ne, in ka kwantar da kujerun baya ya kai 1,950. Duk wanda ya taso zamanin fijo 504 wagon ta PAN Kaduna ya san daɗin mota mai dogon baya, to wannan jikarta ce da ta yi boko. Injin lita 2.1 ne, silinda huɗu, OM651 ake ce masa, doki 170, a kan babbar hanya wajen lita 6 take sha a kilomita ɗari in ba ka cika takata ba. Ko da gas ya fi fetur tsada a gidan mai, a tafiyar Abuja za ka ga sauƙi.

Amma fa ita motar hanya ce, ba motar gari ba, nan ne mutane ke faɗawa. A cikin salansarta akwai wata filta da ake ce wa DPF, aikinta tare baƙin hayaƙi, kuma ba ta wanke kanta sai injin ya yi zafi sosai ana gudu na tsawon lokaci. Turawan da aka yi wa motar suna kwana a kan titi, man su kuma mai tsafta ne, sinadarin sulfa a ciki bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, mu kuwa ka san yadda abin yake, yau ka sha a gidan mai na kirki gobe ka sha a jarka wajen 'yan bumburutu har da ruwa a ciki. In daga gida zuwa ofis ne kullum cikin gosulo filtar nan za ta toshe, fitila ta kama a dashbod, mota ta ƙi ja kamar an ɗaure mata ƙafa. Zuwanka Abuja duk sati biyu shi ne ma ya sa ban ce maka ka manta da ita ba tun a layin farko.

Kafin ka ba da ko sisi, je ka da sassafe injin na sanyi, kada ka yarda dila ya riga ka tayar da ita. Saurara da kyau, in ka ji ƙara kamar kaca na karkarwa a daƙiƙun farko to tayimin cen ne, kuma a wannan injin a baya yake ta wajen giya, aikin ba na ƙaramin kuɗi ba ne. Injektocin na farko-farko ma sun ba da matsala har kamfanin ya riƙa canza wa mutane, don haka a jona kwamfuta a duba su ɗaya bayan ɗaya. Sai bayan motar, wagon ɗin kan balan-balan na iska take zaune ba sifirin ba, ka duba ko ta kwana ta wayi gari a durƙushe, in haka ne iska na zuba. Wasu makanikai cirewa suke su sa sifirin, mota ta tafi dai amma laushin nan da ka biya kuɗi dominsa ya tafi shi ma.

Wannan dubu 190 kuma ni ban yarda da shi ba sai na ga littafin sabis. A Jamus irin waɗannan tasi ake yi da su da motocin kamfani, kuma mayar da mita baya ba wani aiki ba ne. Dubi sitiyari da kujerar direba da feda, su ba sa ƙarya. Ka leƙa kuma ko sitiyarin dama aka juya, 'yan Ingila kenan, in an juya ka bar musu kayansu. Takardun kwastam ma a tantance.

Baƙin mai sai mai lamba 229.51, ba na kan tebur a bakin titi ba, filtar gas kuma ka riƙa canzawa kafin lokacinta. Kayan gyara ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, wasu sai an aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas. Abin da ya fi wuya shi ne mai gyaran, yawancin masu gyaran Marsandi a nan fetur suka iya, masu gas kuma tirela da janareto suka saba taɓawa. Nemo wanda ya san CDI, wato irin wannan injin gas na Marsandi, kuma yake da kwamfuta, ka tafi da shi wajen dilan ranar da za ka sake ganin motar, in a Zariya babu ka ɗauko daga Kaduna ka biya masa kuɗin mota.