A karɓi maganin damina ko da yaro lafiyarsa ƙalau?

'Yar'uwa, kin ce masu rabon maganin zazzaɓin cizon sauro sun shigo gidanku alhali ɗanki lafiyarsa ƙalau, kina tambaya ko ki karɓa. Ki karɓa. Na riga-kafi ne, dama don masu lafiyar ake rabonsa: yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, kyauta, sau ɗaya kowane wata cikin damina. Mu da asibiti ya yi wa nisa, ga laka tana hana ko babur fita a watan Agusta, wallahi ba ƙaramin taimako ba ne a kawo mana har tsakar gida.

Sai dai kwana uku ake sha. Na ranar farko a gaban masu rabon za a ba shi, sauran ƙwaya biyu a bar miki, ɗaya gobe ɗaya jibi. Nan muke sakaci. A ƙauyenmu, wajen Ringim, na sha ganinsu ƙulle a bakin zane har wata ya zagayo, kuma abin yana damuna. Idan kuma ranar da masu rabon suka zo jikin yaron da zafi, ki faɗa musu, kar a ba shi. Gwajin jini yake buƙata a asibiti tukuna.