Hukuncin Ƙara Ƙashi A Muƙamuƙin Sama Kafin Dashen Haƙori

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, turamen haƙorana na sama sun fita shekaru da dama, har tauna ta gagare ni. Likita ya ɗauki hoto ya ce ƙashin wurin ya zaizaye, ba zai riƙe dashe ba sai an ɗaga tantanin kogon iskar da ke samansa an zuba garin ƙashi. Na ji ana cewa garin na shanu ne, wani ma na alade. Shin ya halatta? Yaya sallata? Daga wani bawan Allah, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa.

Aikin kansa halal ne, domin magani ne, mayar da gaɓa ne ga aikin da Allah ya halitta ta dominsa. Tsinuwar da ta zo a hadisin Ibnu Mas'ud a kan masu yin wushiryar ƙarya an ɗaure ta da neman ado, kai kuwa tauna kake nema. Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Idan aka yarje wa namiji zinare don gyaran gaɓa, ƙusar titaniyom da ake kafawa a muƙamuƙi ba ta da wata magana.

Inda maganar take shi ne abin da za a zuba. Garin iri huɗu ne: ƙashinka da za a ɗebo daga haɓa ko bayan muƙamuƙin ƙasa, ƙashin wani mutum, ƙashin dabba, sai kuma wanda aka haɗa a masana'anta daga sinadarin kalsiyom. Na farko da na ƙarshe babu saɓani a kansu. Na mutum kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Duniya a zamanta na Jidda a 1988 ta halatta dashe daga mamaci, da sharaɗin izininsa ko na magadansa, kuma kada ya zama ciniki.

Na shanu ne ke buƙatar tsayawa, don shi likitoci suka fi amfani da shi, kuma daga ƙasashen waje ake kawo shi, ba mu san yadda aka yanka dabbar ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ƙashin mushe najasa ne. Hanafiyya na ganin tsarkinsa tunda jini ba ya gudana a cikinsa, Ibnu Taimiyya ma nan ya karkata. Amma ko a Malikiyya akwai ƙofa. Wannan ƙashi ana wanke shi da sinadarai, a gasa shi da zafi mai tsanani har kitse da nama da duk abin da rai ya taɓa ratsawa su fita, a bar ma'adinin kawai. Abin dogaro wurin Shehu Dardir, babban malamin Malikiyya, shi ne tokar najasa mai tsarki ce, saboda wuta ta rikiɗa ta zuwa wani abu dabam. Don haka ina ganin garin shanu da aka sarrafa haka ya halatta, sallarka da shi ingantacciya ce. Daɗin daɗawa, garin madogara ce kawai: cikin watannin da ake jira kafin dashe, galibi huɗu zuwa tara, ƙashinka ne ke tsirowa a tsakaninsa.

Alade kuwa ban sassauta ba. Allah ya ambace shi da suna a aya ta 173 ta Suratul Baƙara, kuma rangwamen da ke ƙarshen ayar na wanda ya matsu ne. Wanda ke da na shanu ko na masana'anta a gabansa bai matsu ba, ko da na aladen ya fi araha. Kuma ga abin da mutane da yawa ba sa tambaya: bayan an zuba garin, sau tari ana rufe ƙofar da aka buɗe a ƙashin da wani ɗan tantani mai narkewa, wanda da yawansa daga jikin alade ake yin sa, ba a kuma gasa shi kamar ƙashin. Sai mutum ya tsare kansa a kan gari ya faɗa a tantani. Ka ce wa likitanka ya nuna maka kwalin kowanne, haƙƙinka ne. Akwai na shanu, akwai na masana'anta. Idan likita amintacce ya tabbatar babu madadi a halinka, kana da uzuri. Imamu Nawawi ya ce wanda ya haɗa ƙashinsa da mai najasa don rashin mai tsarki abin yi wa uzuri ne. Wanda aka riga aka sa masa bai sani ba, kada ya je a tono, babu laifi a kansa.

Bayan aiki likita zai hana ka face hanci na kusan mako biyu, don kada tantanin kogon iskar ya yage. Ka bi maganarsa ko a alwala: shaƙa ruwa da facewa da kurkurar baki sunnoni ne a wurinmu, barinsu ba ya ɓata alwala. Idan ya hana ka sunkuyar da kai a kwanakin farko, ka yi nuni maimakon sujada. Tunda aikin ba na gaggawa ba ne, kada ka sa ranarsa cikin Ramadan, domin jini zai taru a baki, ga magunguna da ake sha a kan lokaci.

Wallahu a'alam.