Likitan Dabbobi Na Amsawa: Kwiyakwiyaina Biyu Kullum Cikin Kokawa, Wasa Ne Ko Faɗa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ɓarayi ne suka matsa mana a unguwa, shi ya sa na nemo kwiyakwiyai biyu don gadi, dukansu maza. Ɗaya na gida ne, baƙi wuluk, yara suna kiransa Duna, watansa 4. Ɗayan ruwa-biyu ne, uwarsa Alseshan ce, irin manyan karnukan nan na Turawa, watansa 5 amma ya kusa ninka Duna a girma, shi kuma Zaki muke ce masa. Tun ranar da na haɗa su tsakar gidan nan bai huta ba. Gurnani, cizon wuya, birgima cikin ƙasa, wani lokacin har ƙaramin ya ƙwala ƙara. Na zane su, na ɗaure su, ana kwance su suke komawa. Shekaranjiya na ga jini kaɗan a kunnen Duna. Uwargida ta ce in rabu da ɗaya, maigadina kuma ya ce in ƙyale su, wai da haka kare ke yin zafi. Wanne zan bi?

Daga wani magidanci, Tudun Wada, Zariya

AMSA

Wa'alaikumus salam Malam. Kar ka bi ko ɗaya tukuna. Gobe da safe ka ɗauko kujera ka zauna a tsakar gida, ka ajiye bulalar a ɗaki, ka zuba musu ido kawai.

Abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne gurnanin, alhali shi ne mafi ƙarancin amfani wajen gane wasa da faɗa. Kwikwiyon da ke cikin nishaɗi yana iya yin gurnanin da zai sa maƙwabci ya leƙo ta katanga. Jikinsu za ka kalla. Wanda ke neman wasa yakan duƙar da ƙirjinsa ƙasa, ƙafafun gaba a miƙe, ƙugu a sama, jela na kaɗawa, baki a buɗe sakaka. Za ka ga suna tsalle-tsallen banza, su ruga su dawo, su tsaya cak na ɗan lokaci, wani ya girgiza jiki, sannan a sake. Babban abin da nake so ka duba: ana karɓa-karɓa? Kamar yara masu kokawa a dandali, yanzu wannan ne a ƙasa, an jima wancan. Idan ka ga Zaki da duk girmansa ya kwanta rigingine da kansa ya bar Duna ya haye shi yana jan kunnensa, to lafiya lau suke. Babban ne ke rage ƙarfinsa don kada wasan ya watse.

Faɗa daban yake. Jiki ya sandare, gashin baya ya miƙe, baki ya rufe ko leɓe ya ɗage haƙora a waje, ido ya kafe. Sau da yawa ma shiru ake yi kafin a kacame. Idan Duna ya cusa jela tsakanin cinyoyi, yana neman ƙarƙashin mota ko bayan randa, ya yi ƙara amma Zaki bai saki ba, wannan ya wuce wasa.

In ka kasa tantancewa, ga gwajin da nake sa masu karnuka su yi a gabana. Ka riƙe Zaki a hankali ta ƙirji, ka saki Duna. In Duna ya juyo ya faɗo masa yana tsokana, shi ma yana so, sai ka sake su. In kuwa ya samu sarari ya sulale ya tafi ya kwanta nesa, ya gaji, kuma an daɗe ana cin zalinsa ba ka lura ba.

Game da jinin kunne, kwikwiyo yana da haƙoran nono 28 masu tsini kamar allura, kuma a watannin da kwiyakwiyanka ke ciki yanzu suke zubewa, manya 42 na fitowa, har zuwa wajen wata 6 ko 7. Dasashinsu ƙaiƙayi yake, komai suka samu sai sun gatsa. Fatar kunne kuwa siririya ce, ƙwarzane kaɗan sai jini. Ka wanke da ruwa mai tsabta, ka shafa ayodin, ka lura kada ƙuda su samu wurin, don kunnen kare in ƙuda suka fara shi yana daɗewa bai warke ba. Amma in ka ga rami mai zurfi na huda, ko wurin ya kumbura, ka kai shi asibiti. Kai da ke Zariya ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan Samaru.

Wannan cije-cijen yana da amfanin da mutane ba su sani ba. Da shi kwikwiyo ke koyon iyakar ƙarfin muƙamuƙinsa: ya ciza da ƙarfi, ɗan'uwansa ya yi ƙara ya daina wasa da shi, gobe sai ya sassauta. Shi ya sa muke cewa a bar kwikwiyo wurin uwarsa da 'yan'uwansa har sati 8. Waɗanda ake tallansu a kwali a bakin titi tun idonsu bai gama buɗewa ba, su ne ke girma ba su san sassauci ba. Ban san a wane wata ka karɓo Zaki ba, amma in da wuri aka raba shi da uwarsa, kai ne za ka cike masa wannan darasin.

Yadda za ka yi shi ba wuya. Da ka ga wasan ya fara zafi, kafin a kai ga ƙara, ka tafa hannu ka kira sunansu, ka ba kowanne ɗan guntun nama ko ƙanzo, su lafa na minti ɗaya ko biyu, sannan ka sake su. In Zaki ya ƙi saki bayan ƙaramin ya yi kuka, ka ɗauke shi ba duka ba tsawa, ka kai shi wani wuri shi kaɗai na ɗan lokaci. In aka maimaita zai gane cewa cizo mai zafi shi ke kashe masa wasa. Sannan ka sani kwikwiyo mai yawan barci ne, yana iya kwashe awa 18 a yini yana barci. Yawancin rikicin da ake kawo min na yamma ne, lokacin da suka gaji, ga zafin rana, ga yara sun dawo daga Islamiyya suna zuga su. A irin wannan lokacin raba musu makwanci ya fi komai.

Inda nake jin tsoro a gidanka shi ne kwano. Na san al'adarmu, a juye ragowar tuwo a tasa ɗaya a ce su ci. Daga nan ake fara gabar da ba ta ƙarewa. Kowa da kwanonsa, nesa da juna, in da hali ma da ƙofa a tsakani, kuma a ɗauke kwanon in an gama. Ƙashin da ka karɓo wurin mahauci kuwa, kar ka taɓa jefa guda ɗaya tsakanin karnuka biyu. Ka kuma cire musu abin wuya lokacin wasa, don muƙamuƙin ɗaya na iya maƙalewa a na ɗayan, ya murɗe ya shaƙe shi cikin 'yan mintuna.

Maganar maigadinka ban yarda da ita ba ko kaɗan. Karen da aka raina da duka da sarƙa ba ya bambance ɓarawo da ɗan maigida, kuma almajirin da ya zo karɓar abinci da rana ya fi shiga haɗari a kan ɓarawon da zai zo da dare. Gadi a jinin kare yake, in ya girma ya san gidansa zai yi haushi ba sai an koya masa mugunta ba. Uwargida kuma a ba ta haƙuri zuwa 'yan watanni. Amma ka riƙa fita da kowanne shi kaɗai, ka koya masa amsa kira da zama, don kada su shaƙu da juna su daina jin maganarka. Lokacin da za ka sake sa ido sosai shi ne in sun fara balaga, daga wata 6 zuwa shekara, musamman in akwai karya a unguwa. In wasan ya juye faɗa na gaske a lokacin, ka je ku tattauna da likita kan fiɗiye. Kuma duk ranar da suka kacame, kar ka sa hannu tsakaninsu. Ka sheƙa musu bokitin ruwa ko ka tura faifan katako a tsakani.

TAMBAYA

Likita, ɗana mai shekara 6 ya shiga raba kwiyakwiyanmu, haƙorin ɗaya ya ƙwarzane shi a hannu. Ba wani ciwo ba ne, kakarsa ta shafa masa man zafi. Ya isa?

Daga wata uwa, Bauchi

AMSA

Hajiya, bai isa ba. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a kai shi asibiti yau, a faɗa musu kare ne. Ciwon haukan kare ta yawu yake shiga, ƙwarzane ma ya ishe shi, kuma in alamunsa suka bayyana kusan ba a tsira, alhali allurar da ake yi da wuri tana hana shi. Ki tafi da katin rigakafin kwikwiyon in yana da shi. A killace kwikwiyon a sa masa ido na kwana 10, kada a kashe shi ko a kore shi, don lafiyarsa a kwanakin nan za ta taimaka wa likitan yaron. In ba a taɓa yi wa kwiyakwiyan allurar rigakafin haukan kare ba, daga wata 3 ake farawa, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos tana sarrafa ta. Ki tambaya a asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa da ku.